Garkuwa da Bayanai: Tanadi Ya Fi Biyan Fansa

Gabatarwa

A da, idan aka ce an yi wa makaranta ko asibiti sata, abin da ke fara zuwa a zuciya shi ne an fasa ƙofa an kwashe kaya. A yau kuwa an sami wani irin ɓarawo wanda yakan bar wa mutum kwamfutarsa a kan tebur, da fayilolinsa a cikinta, sai dai ya kulle su yadda ba za su buɗu ba, sannan ya bar saƙo cewa sai an biya shi zai ba da makulli. Makaminsa wata muguwar manhaja ce da za a iya kira manhajar neman fansa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, biyan fansar ba ya kawo ƙarshen matsalar, kuma maganinta na gaskiya yana hannun mai kwamfuta tun kafin ɓarawon ya iso. Malamin gobe, wanda zai riƙe makin ɗalibai da tambayoyin jarrabawa a cikin na'ura, yana daga cikin waɗanda ya wajaba su fahimci haka.

Asalin Al'amarin

Wannan ta'asa ta girmi yawancin ɗaliban da ke kwaleji a yau. A shekarar 1989 wani masanin ilimin halittu ɗan Amurka mai suna Joseph Popp ya aika da faya-fayan kwamfuta kimanin 20,000 ta gidan waya zuwa ga masu bincike kan cutar ƙanjamau. Duk wanda ya sa faifan a na'urarsa, bayan wani lokaci sai sunayen fayilolinsa su rikiɗe, a nemi ya aika da dala 189 zuwa wani akwatin gidan waya a Panama. Dabarar ba ta yi nisa ba a wancan lokaci, domin kullin ba shi da ƙarfi, kuma hanyar karɓar kuɗin tana iya tona asirin mai karɓa. Abubuwa biyu ne suka sauya lamarin daga baya: kulli mai ƙarfin gaske, da kuɗin intanet irin su bitkoyin, waɗanda ake tura su ƙetare ba tare da an bi ta banki ba. Manhajar CryptoLocker da ta ɓulla a 2013 ta haɗa biyun, daga nan kuma sana'ar ta bunƙasa.

Yadda Take Aiki

Masu iya magana kan ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagogin da wannan manhaja ke bi sanannu ne: saƙon imel na yaudara mai ɗauke da fayil, da manhajar sata da aka sauke kyauta, da kalmar sirri mai rauni, da kuma na'urar da aka daɗe ba a sabunta ba. Da zarar ta shiga, sai ta bi takardu da hotuna da maƙunsar bayanai ɗaya bayan ɗaya, tana jirkita abin da ke cikinsu ta hanyar lissafi har ya zama tarkacen da ba ya karantuwa.

Za a fi gane dabarar idan aka kwatanta ta da kwaɗo. Kowa na iya danna kwaɗo ya rufu, amma mai makulli kaɗai ke iya buɗe shi. Manhajar takan kulle kowane fayil, sannan ta tattara makullan ta zuba a akwati guda, ta danna masa kwaɗon da makullinsa ke can hannun ɓarawon. Idan an tsara kullin da kyau, babu kwamfutar da za ta iya cinkar makullin ko da za ta shekara dubbai tana gwadawa. Bugu da ƙari, takan share kwafin da na'ura ke ajiye wa kanta, ta kuma kulle duk filashi ko faifan ajiya da ta tarar a jone. Tun daga wajejen 2019 kuma, ɓarayin suka ƙara da kwashe bayanan kafin su kulle su, domin su yi barazanar fallasa su.

Darasi Daga WannaCry

Ranar 12 ga Mayu, 2017, manhajar WannaCry ta bazu zuwa ƙasashe kimanin 150, ta kama kwamfutoci fiye da 200,000, tana neman dala 300 a kan kowace. A Ingila ta durƙusar da asibitocin gwamnati da dama, har aka soke ganin likita da ayyukan tiyata kimanin 19,000. Abin takaici shi ne, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran kafar da ta bi tun cikin watan Maris na wannan shekara. Wato wata biyu maganin yana ajiye ba a sha ba. Saboda haka, sakaci ya taka rawar da ba ta gaza ta gwanintar ɓarayin ba.

Shin a Biya Ko Kada a Biya?

Masu ganin a biya suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Sukan ce, idan rayukan marasa lafiya ko abincin dubban ma'aikata ya rataya a kan bayanan, to kuɗin fansa ƙaramar hasara ce. Da irin wannan tunani ne kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ya biya kimanin dala miliyan 4.4 a watan Mayun 2021. Sai dai makullin da aka ba shi ya yi nawa ƙwarai wajen aiki, har ya zama dole kamfanin ya koma ga kwafin da ya ajiye da kansa. Ɓarayin kuwa sun shiga ne da wata kalmar sirri guda ɗaya da ta faɗa hannunsu.

Hujjojin ƙin biya sun fi nauyi. Na farko, alkawarin ɓarawo ba abin dogaro ba ne. Yana iya karɓar kuɗi ya ɓace, ko ya ce ya share bayanan da ya kwashe alhali suna nan. Na biyu, kowace fansa da aka biya jari ce ta kai hari na gaba, kuma wanda ya biya sau ɗaya ya nuna cewa zai iya sake biya. Babban ɗakin karatu na ƙasar Birtaniya ya ƙi biya lokacin da aka kai masa hari a watan Oktoban 2023. Ya ɗanɗana kuɗarsa, domin an watsa bayanan da aka sace, ayyukansa kuma sun yi watanni a gurgunce. Wannan ya nuna cewa ƙin biya ma yana da tsada ga wanda bai yi shiri ba, don haka tanadi ne ke ba mutum ƙarfin cewa a'a.

Hanyoyin Rigakafi

Babbar garkuwa ita ce ajiye kwafi. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita ita ce a mallaki kwafi uku na duk abu mai muhimmanci, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya kuma ya kasance a wani wuri dabam, ba a jone da kwamfuta ba. Labarin kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya isa misali. A watan Yunin 2017 manhajar NotPetya, wadda ta yi shigar neman fansa alhali ɓarna kawai aka gina ta ta yi, ta lalata masa kwamfutoci kimanin 45,000. Kwafi ɗaya tilo na wasu muhimman bayanansa ya tsira a wani ofishinsa, saboda an ɗauke wutar lantarki a can lokacin harin, na'urar ba ta jone. Abin da sa'a ta yi wa Maersk, mai hankali yana iya yi wa kansa da gangan.

Bayan wannan, ya kamata a riƙa sabunta na'ura duk lokacin da ta nema, a sa kalmar sirri mai tsawo tare da tantancewa mai mataki biyu, a kuma guji buɗe fayil daga saƙon da ba a san asalinsa ba. Ɗalibai su yi hattara da manhajar sata, domin ta nan ne dangin manhajar STOP suka kama ɗimbin mutane, suna neman dala 980. Arahar da ta ci wa ɗalibi kundin bincikensa na shekara guda ba araha ba ce.

Idan Ta Riga Ta Faru

Matakin farko shi ne a raba na'urar da intanet da sauran kwamfutoci nan take. Kada a yi gaggawar share fayilolin da aka kulle, a adana su tare da saƙon ɓarayin, a sanar da hukumar makaranta da jami'an tsaro. Shirin No More Ransom, wanda 'yan sandan Turai da na Holan suka kafa tare da wasu kamfanoni a 2016, yana ba da makullan wasu nau'o'in kyauta. Bayan an wanke na'urar sarai, sai a dawo da bayanai daga kwafi, a kuma sauya dukkan kalmomin sirri.

Kammalawa

Makin ɗalibi da takardar shaidarsa amana ce a hannun malami da makaranta. Wajibi ne kowace kwaleji ta sanya ranar ɗaukar kwafi, ta ɗora alhakinsa a kan wani ma'aikaci sananne, ta kuma riƙa gwada kwafin don tabbatar da cewa yana buɗuwa. Shi kuwa ɗalibi mai shirin zama malami, ya fara da kundinsa tun yau, domin ɗabi'ar da ya saba da ita a kwaleji ita zai koya wa yaran da za a damƙa masa.