Ba Epic ne ya rufe kasuwa ba

Ranar 28 ga Janairun 2019, saura kwana 18 a saki wasan Metro Exodus, kamfanin Deep Silver ya sanar cewa ya janye shi daga Steam, sai a kantin Epic za a same shi har tsawon shekara guda. Valve, mai kantin Steam, ya liƙa sanarwa a shafin wasan cewa ba a yi wa kwastomominsa adalci ba. Kafin gari ya waye 'yan wasa sun yi dafifi a shafukan Metro 2033 da Metro: Last Light, tsoffin wasannin da su da kansu suka yaba, suna zuba musu baƙin sharhi don huce haushi. Tun daga ranar aka kafa wata magana da har yau ake maimaitawa kamar karatu: wai biyan kuɗi don a keɓe wasa a kanti ɗaya zalunci ne ga mai saye, Epic ne ya shigo da wannan ɗabi'a cikin wasannin kwamfuta, Steam kuwa shi ne gatan 'yan wasa.

Ban yarda ba. Kuma shekarun da suka biyo baya ba su ba ni dalilin sauya ra'ayi ba.

Mu fara da asarar da ake cewa mai saye ya yi. Idan Sony ya keɓe wasa a PlayStation, wanda ba shi da na'urar dole ya ciro ɗaruruwan daloli ya saya, ko ya haƙura. Wannan shinge ne na gaske. A kwamfuta fa? Kwamfutarka ita ce dai, linzaminka shi ne dai. Abin da ake nema gare ka shi ne ka sauke wata manhaja kyauta, ka buɗe asusu, ka ƙirƙiri kalmar sirri. Akwai ɓata lokaci, ban musa ba. Amma a kira wannan da sunan zalunci, a yi shekaru ana kumfar baki a kansa, an ɓata wa kalmar suna.

Sannan wa ya fara? A Nuwamban 2004 wanda ya je shago ya sayi Half-Life 2 a kwalinsa, ya koma gida ya zura faifai, wasan bai tashi ba sai da ya sauke Steam ya yi rajista. A lokacin Steam bai wuce shekara ɗaya da 'yan watanni ba, yana yawan tsayawa, mutane suna tsine masa. Da wannan tilas ɗin Valve ya tara jama'ar da yake tinƙaho da ita yau. Har gobe ba za ka sami Dota 2 ko Counter-Strike 2 ko Half-Life: Alyx a wani kanti ba. Za a ce ai waɗannan nasa ne, shi ya ƙirƙira, yana da ikon ajiye su inda ya so. To, ga mai saye mene ne bambancin? Ƙofa ɗaya aka nuna masa a can, ƙofa ɗaya aka nuna masa a nan. Kuma akwai dubban wasanni da babu inda ake samunsu sai Steam, ba don Valve ya biya kowa ba, sai don masu su sun san idan ba su baje kolinsu a can ba, kamar ba su fito kasuwa ba ne. Wannan keɓewar ta fi ta Epic ƙarfi nesa ba kusa ba, domin ta Epic galibi wata shida ce ko shekara guda, kuma da kuɗi ake sayenta. Ta Steam ba ta da wa'adi, kuma kyauta take zuwa masa.

A nan ne maganar take, wurin la'ada. Steam yana yankar kashi 30 cikin 100 na duk cinikin da aka yi. Epic ya buɗe kantinsa a Disambar 2018 da kashi 12, kuma ya yafe kashi 5 na injinsa Unreal ga wanda ya sayar a wurinsa. A wasan dala 60, Steam zai riƙe dala 18, Epic zai riƙe dala 7 da 'yan kai. Kwanaki kaɗan kafin buɗe kantin Epic, Valve ya sanar da sassauci: wasan da cinikinsa ya haura dala miliyan 10 la'adarsa za ta sauko zuwa kashi 25, wanda ya haura miliyan 50 zuwa kashi 20. Duba da kyau ka ga wa aka yi wa rangwamen. Manyan kamfanoni, waɗanda ke da ƙarfin tattara kayansu su buɗe nasu shagon. Ƙaramin kamfani mai mutum huɗu ko biyar, wanda ya yi shekara uku yana aiki bisa bashi har ya yi cinikin dala 500,000, zai ajiye wa Valve 150,000 cif. A Epic a lokacin 60,000 zai bari. Wannan 90,000 da ke tsakani ita ce albashin shekara, ita ce ke yanke hukuncin ko za a yi wasa na biyu ko za a watse kowa ya nemi aiki. Takardun kotu sun nuna cewa a 2021 ma'aikatan Valve baki ɗaya 336 ne. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Masu kare Steam suna da amsa guda da suke ji da ita: idan Epic na son kwastoma, ya gyara kantinsa ya fi na Steam, ko ya karya farashi, ya bar sayen wasanni. Maganar tana da daɗin ji. Sai dai an gwada. GOG, wanda kamfanin CD Projekt na Poland ya kafa, tun 2008 yake sayar da wasanni ba tare da makullin hana kwafi ba, wato ka saya ya zama naka da gaske, abin da Steam bai taɓa yi wa kowa alkawari ba. Kowa na yaba masa, amma har yau 'yar ƙaramar rumfa ce a gefen kasuwa. Discord, mai miliyoyin 'yan wasa a hannunsa, ya buɗe kanti ya ce zai bar wa masu wasa kashi 90, bai kai labari ba. EA ya fice da Battlefield 3 zuwa kantinsa Origin a 2011, a 2019 ya dawo Steam. Ubisoft ma ya tafi ya dawo a ƙarshen 2022. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutumin da ya tara wasanni 300 a Steam cikin shekara goma, abokansa duk suna can, tarihin nasarorinsa yana can, ba zai iya kwashe ko ɗaya ya kai wani wuri ba. Ko da sabon kanti ya fi kyau, ba zai motsa ba. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, kuma ni ma a ɗaure nake da wannan turken, don haka na san ƙarfinsa.

Karya farashi kuwa, shi ne ainihin abin da ake shari'a a kansa. A Afrilun 2021 ƙaramin kamfanin Wolfire Games ya maka Valve a kotun tarayya a Seattle, yana zargin cewa Valve na hana masu wasa sayar da kayansu da araha a wasu kantuna, wanda ya ƙi ji a yi masa barazanar cire shi. Valve ya musanta. Amma a Nuwamban 2024 kotu ta amince ƙarar ta zama ta gayya, a madadin dubban masu ƙirƙirar wasanni. Idan zargin ya tabbata, to an ce wa sabon ɗan kasuwa ya yi gasa da farashi alhali an riga an ɗaure farashin. Metro Exodus da ake ta zagi a kansa, dala 50 aka sa shi a Amurka a kantin Epic, maimakon 60 da aka rubuta a Steam. Ragin ya yiwu ne a daidai lokacin da wasan ya bar Steam. Wannan bai ishi mai hankali ya tsaya ya yi tunani ba?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da aka yi wa masu Ooblets. Mutum biyu ne ginshiƙin wannan wasa na noma da 'yan halittu masu rawa. A tsakiyar 2019 suka sanar cewa sun karɓi tayin Epic, wanda ya lamunce musu wani adadin ciniki, ko an saya ko ba a saya ba, wato kafin alƙalami da zai ba su damar kammala aiki ba tare da fargabar kuɗin haya ba. Salon sanarwar tasu ya ɓata wa wasu rai, na yarda. Amma abin da ya biyo baya dubban saƙonnin zagi ne da barazana, har da hotunan bogi na maganganun da ba su taɓa yi ba. Mutum biyu, saboda sun zaɓi inda za su kasa kayansu. Waɗanda suka yi wannan suna kiran kansu masu kare haƙƙin mai saye. Haƙƙin wa suka kare? Gadi suka yi wa kamfanin biliyoyin daloli, ba ko sisi, suka kuma huce a kan mai ƙaramin ƙarfi.

Kuɗin keɓewa ba a rijiya yake faɗawa ba. Kamfanin da ya wallafa Control ya bayyana cewa ya karɓi Yuro miliyan 9.49 daga Epic tun wasan bai fito ba. Remedy na Finland ya yi shekaru yana neman wanda zai ɗauki nauyin ci gaban Alan Wake na 2010, sai Epic ne ya zuba kuɗin, wasan ya fito a Oktoban 2023. Masu cewa an hana su shi a Steam su faɗa mana wane ne ya hana Valve ɗaukar nauyinsa cikin waɗannan shekaru 13.

Ba ina wanke Epic ba ne tas. Abin da aka yi a Shenmue III cin amana ne. Mutane sun tara sama da dala miliyan 6 a Kickstarter a 2015, an nuna musu Steam, sai a Yunin 2019 aka ce musu sai Epic. Haka aka yi wa waɗanda suka tallafa wa Phoenix Point. Mayar da kuɗi bai goge saɓa alkawari ba. Janye Metro ana saura kwanaki, bayan an gama tallarsa a shafin wani, ɗanyen aiki ne. Kantin da ya yi shekara uku ba shi da kwandon saye, sai a Disambar 2021, ba shi da bakin yi wa kowa gori. Kuma Tim Sweeney, shugaban Epic, ba don Allah yake yi ba, kuɗin Fortnite yake juyawa don ya kafa tasa daular. A shari'ar Epic da Apple a 2021 an ga cewa yarjejeniyar Borderlands 3 kaɗai ta laƙume dala miliyan 115, kuma a Nuwamban 2023 shugaban kantin ya shaida wa kotu cewa har lokacin ba su fara cin riba ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma saɓa alkawari laifi ne mai zaman kansa, a hukunta wanda ya yi shi da sunansa. Bai mayar da kowace yarjejeniyar keɓewa haramun ba, kuma bai mayar da Valve waliyyi ba. Tsarin mayar da kuɗi da ake yabon Steam da shi yau bai zo ba sai a 2015, shekara biyu bayan EA ya fara nasa, kuma bayan hukumar kare masu saye ta Ostareliya ta kai Valve kotu. A ƙarshen 2016 aka ci shi tarar dalar Ostareliya miliyan 3. Sai an matsa masa yake motsi, kamar kowane ɗan kasuwa da ya saba cin kasuwa shi kaɗai.

A Mayun 2020, lokacin kullen korona, ɗan yayata yana zaune a gidana. Ya ji labarin Epic na raba GTA V kyauta, ranar da cunkoso ya durƙusar da kantin na sa'o'i. Ya shimfiɗa tabarma a falo, ya jingina wayarsa a jikin taga inda sabis ya fi ƙarfi, ya jona ta da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, yana sayen datar dare yana sauke wasan kaɗan-kaɗan. Ya kwashe fiye da mako guda. Da asuba nakan tarar da shi yana gyangyaɗi, hannunsa a kan linzami. GTA V ne wasa na farko da ya mallaka da sunansa ba na sata ba, domin ba shi da katin da zai biya dala. Bayan wata biyu na ji shi yana gaya wa abokinsa cewa Epic azzalumai ne. Na ce, “Kai, me suka yi maka?” Ya ce, “Kawu, haka kowa ke faɗa a YouTube.” Fushin mai wasanni 300 a Amurka ko Jamus ya ɗauko ya yafa, alhali wannan faɗa na manya shi ne ya sa masa wasa a hannu. Cikin wata tara na farko kawai Epic ya biya masu wasanni dala miliyan 11.6 don a raba kayansu kyauta, kuma ba zai yi haka ba da ba ya neman raba mutane da Steam.

A Afrilun 2019 Sweeney ya fito fili ya ce idan Valve ya amince ya bar wa masu ƙirƙira kashi 88 dindindin, Epic zai daina keɓe wasanni. Wataƙila cika baki ne, amma hanyar ƙure shi a buɗe take, Valve bai bi ta ba. Masu fushin nan da suka iya cika shafin Metro da zagi cikin dare ɗaya, ban ga sun juya sun tambayi Valve dalili ba. Microsoft dai ya sauke la'adarsa ta wasannin kwamfuta zuwa kashi 12 daga Agustan 2021. Daga Yunin 2025 Epic ba ya karɓar komai a dala miliyan ɗaya ta farko da wasa ya samu cikin shekara. Ƙaramin kamfanin nan mai cinikin dala 500,000 yanzu zai tashi da kuɗinsa duka a can. A Steam, inda kwastomominsa suke, 150,000 ɗin nan tana nan yadda take.