A Gano Ciwon Inji Kafin A Sayi Magani

Jama'a, kaka ta yi, kuɗi ya shigo hannu. Manomi ko falke da ya sayar da masara sai ya nufi Sabon Gari neman tsohuwar mota, ko da akori-kura ce irin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, don kai buhuna kasuwar Giwa. Ba laifi. Amma da yawa mota ba ta wuce Samaru sai inji ya kama rawa, salansa tana tari, ƙarfi ya ragu. Kanikawa suna ce da wannan misin.

Ga ma'anarsa. Inji mai silinda 4 kamar 'yan ƙodago 4 ne a gona. In guda ya kwanta gindin itace, kashi ɗaya cikin huɗu na aikin ya tafi, abincinsa kuwa yana ci. Fetur ɗin da bai ƙone ba yakan wanke baƙin mai daga jikin silinda, inji ya tsufa da wuri. Tun da aka janye tallafin mai a Mayu 2023, wa ke da fetur na zubarwa?

Abin da muke ƙi shi ne gyaran lalube. Wani bakanike da jin rawa sai ya ce a sayo fulogi, gobe kwayil, jibi fanfon mai, har kuɗin taki ya ƙare ciwo yana nan. Mu a ganinmu kada ka fid da ko kwabo sai ya amsa maka tambaya guda: wace silinda ce ta kwanta?

Ganowa ba wuya. Inji yana aiki, a zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba, don wutar tana fizga. Wadda aka zare amon inji bai sake ba, ita ce. Motocin da aka yi don Amurka tun 1996, da masu fetur na Turai tun 2001, suna da wurin jona na'ura; in ta nuna P0302, watau silinda ta 2 ke nan.

Sa'an nan a tuna silinda abu 3 take bukata: wuta, da mai, da matsi. A fara da mai araha. A musanya fuloginta, ko kwayil, da na maƙwabciyarta. In ciwon ya bi shi, an kama ɓarawo. In bai bi ba, a duba nozul ko kafireta, kana a auna matsi. Kan fulogi ma yana ba da labari: baƙin kunkunniya busasshe, fetur ya yi yawa; in ya jiƙe da baƙin mai, zoben fistin ko wuyan bawul ya cinye. In kuwa duk silinda ke tari bayan ka sha mai, tuhumi man, kamar gurɓataccen fetur da ya kwantar da motoci a Fabrairu 2022.

Kai kuma mai saye, kada ka yi cinikin biri a sama. Je da sassafe, taɓa injin ka ji da sanyi, a tayar a gabanka, ka ɗora kaya ka hau tudu. In dillali ya riga ya ɗumama ta kafin ka iso, to, koma gobe. Fulogi kuɗin buhu bai kai ba, amma rashin matsi yakan kai ga sauke inji, wannan kuwa yakan cinye ribar shekara.

Allah ya sa mu ci amfaninmu lafiya, amin.