Gashin zakara a ƙugiya: Dabarar da ta kamata masuntan Jibiya su gwada

A ƙarshen shekarun 1950 wani Ba'amurke mai suna Lefty Kreh ya ɗaure gashin zakara da gashin wutsiyar barewa a jikin ƙugiya, ya yi koto mai kama da ɗan ƙaramin kifi. Don kifin teku ya yi shi, a gaɓar Chesapeake. Daga baya masu fatsa a koguna suka ara, suka riƙa kama manyan kifayen ruwan sanyi da ake kira tirawut da shi. Dalilin a fili yake: tirawut idan ya girma yakan rage cin ƙwari ya koma farautar ƙananan kifaye, kuma bai damu da inda aka ƙera koton ba.

Babu tirawut a madatsar ruwan Jibiya, zafin ƙasar Katsina ba zai bar shi ya rayu ba. Amma akwai tarwaɗa, ita ma mafarauciya ce. A kogunan Vaal da Orange na Afirka ta Kudu, irin wannan tarwaɗar ce masu fatsa ke kamawa da koton gashi.

Abin da ya sa zancen ya shafi mutumin Bugaje ko Magama shi ne kifin da ke zuwa tukunyarsa. Madatsar da aka gina a kan kogin Gada, wanda ke tsallaka iyaka ya zama Gulbin Maraɗi, ita ce babban ruwan yankin. Ruwa ne tsayayye a ƙasa mai ƙarancin damina. Kifin da aka kwashe yana ƙarami, babu babban kogin da zai kawo madadinsa.

Dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta hana amfani da raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, ta kuma hana guba da nakiya. A tafkuna da dama na Arewa dokar tana takarda, gidan sauro kuma yana cikin ruwa. Ga kuma 'ya'yan kifin da ake sokewa a ƙugiyoyi a matsayin koto. Kowanne da an bar shi wata shida, da ya zama kuɗi.

Nan ne koton gashi ke da amfani. Kayan haɗinsa suna kowane tsakar gida: gashin zakara ko na zabo, gashin akuya, zare da ƙugiya. Ba ya ruɓewa, ba a neman sabo kowace safiya, kuma ƙugiya babba sai kifi mai babban baki. Da rana ake aiki da shi. A ƙaramar hukumar da 'yan bindiga suka sa kwana a bakin ruwa ya zama kasada, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tsofaffin masunta za su ce tarwaɗa da gashin baki da ƙanshi take farauta, ba da ido ba, kuma ruwan damina jajir yake da laka. Sun yi gaskiya. Karfasa ma, mai cin gansakuka, da wuya ta kula shi. Saboda haka ba zai maye gurbin birgi ko gura ba, kuma ba zai ciyar da gida shi kaɗai ba. Lokacinsa shi ne rani, bayan laka ta kwanta, a gefen ruwa inda tarwaɗa ke koro ƙananan kifaye.

Gwada shi ba ya buƙatar kwangila. Sashen kifi na gwamnatin jihar Katsina da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda ke kula da madatsar, za su iya zama da sarkin ruwa, a zaɓi masunta goma, a ba su ƙugiyoyi da zare, a riƙa auna abin da suka kama daga Janairu zuwa Mayu.