Kafin ka zagi direban akori-kura a Ndokoti

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahaɗar Ndokoti da la'asar ya san su. Ƙananan motocin kai kaya, an labta musu katan-katan na sabulu ko buhunan fulawa, suna cusa kai tsakanin 'yan bensikin, oda ba ƙaƙƙautawa, wani har ya hau gefen titi inda mata ke kasa kaya. Ni ma na sha zaginsu. Bakina ya mutu ne ranar da na zauna a gaban ɗaya daga cikinsu, na rako kayan shagon yayana daga wani sito a Bassa zuwa babbar kasuwar New Bell.

Tun da hantsi muka isa siton, ba a gama mana lodi ba sai bayan azahar. Direban, magidanci ne da furfura ta fara fito masa, ya ce mini shi da sawu ake biyansa, ba da yini ba. Awa ukun nan da muka yi a zaune babu mai ba shi ko dala a kansu. Motar kuma ba tasa ba ce. Da magariba mai ita zai miƙo hannu, ko sawu huɗu aka yi ko ɗaya. Sai mai. Litar gazuwal da ake sayarwa sefa 575 a farkon 2023 ta koma 720 a watan Fabrairun shekarar, a Fabrairun 2024 ta kai 828. Motar da ta maƙale a cunkoson Ndokoti kuwa tana tsaye ne tana shan man nan. Kowane minti daga tukunyar gidansa ake cire shi. To don Allah, wane ne zai ga ɗan sarari a gabansa bai faɗa ba?

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Daga Bassa zuwa New Bell wayarsa ta yi ƙara sau biyar, huɗu daga ciki yayana ne. "Malam, wai kana ina ne? Mai kaya zai tafi fa!" Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a kunne, yana rantsuwa ya kusa, alhali ko ƙarƙashin gadar jirgi ba mu wuce ba. Mu ne fa, 'yan kasuwar New Bell da Mboppi, muke ɗaukar motocin nan. Mu ne muke ciniki har mu rage masa ɗari biyar, mu ce a ƙara buhu goma tunda "akwai wuri", sannan mu kora shi da waya kamar jaki. In ya buge wani, mu ne na farko wajen cewa direbobin yanzu ba su da tarbiyya.

Ba wanke su nake yi ba. A ranar, kaɗan ya rage mu haɗa da wani bensikin da ya ɗauko mace da goyo, birkin ya kama da ƙyar saboda nauyi. Da an yi rashin sa'a, tsadar gazuwal ba za ta zama hujja ba, a gaban alƙali ko a gaban Allah. Akwai kuma waɗanda ganganci ne kawai a jininsu, ko titi babu kowa.

Abin da ke hannunmu shi nake magana a kai. A sa kuɗin jira cikin ciniki tun farko. A daina lodin da ya fi ƙarfin mota. Wanda zai iya karɓar kaya bayan sallar asuba, kafin gari ya cushe, ya tura yaro ya buɗe shago. Kira ɗaya ya isa.

Na faɗa wa yayana haka. Ya yi dariya ya ce, "Ni in biya kuɗin jira, maƙwabcina bai biya ba, ka ga kayana sun fi nasa tsada." Gaskiyarsa ce, shi ya sa maganar ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Shugabannin layukan kasuwa su zauna da direbobin su yanke farashi ɗaya, da na sawu da na jira. Ranar Juma'a duk a sahu ɗaya muke, mai shago da direbansa, ba sai an aika wa kowa takarda ba.