Idan Kifi Ya Ruɓe A Hanyar Lome Zuwa Yamai, Wa Zai Biya?

Idan mai karatu bai manta ba, bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 an rufe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya, abin da ya sa manyan motoci da dama suka koma ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori, su shigo ta Tera cikin rakiyar sojoji. Mai shinkafa ko siminti zai iya yin makonni yana jiran ayari. Amma mai kifin ƙanƙara ko kaji, dukiyarsa tana rataye ne da injin sanyin tirela, wanda ke shan gas dare da rana, ko ana tafiya ko ana tsaye.

A nan ne masu kan mota ɗaya tilo ke shiga tsaka mai wuya, wato waɗanda ke jan tirelar wani kamfani a kan jinga. Kai nasu, tirela ta kamfani, kifi na ɗan kasuwa. Da yawansu suna ganin tunda sun yanki inshora, kuma suna riƙe da katin nan mai ruwan ƙasa na ƙungiyar ECOWAS da aka kafa tsarinsa a 1982, shi ke nan sun tsira. To ba haka abin yake ba. Wannan kati yana biyan ɓarnar da mota ta yi wa wasu ne a kan hanya, kamar wanda aka buge ko aka rushe wa shago. Bai san da zaman kifin da ke cikin tirela ba. Ita kanta tirelar, muddin tana hannun direba, ba a lissafa ta a dukiyar mai wucewa, sai an yanka mata tata takardar.

Dokar sufurin kaya ta ƙungiyar OHADA ta 2003, wadda Nijar da Benin da Togo da Burkina Faso ke aiki da ita, ta ɗora wa mai dako alhakin kaya tun daga karɓa har zuwa miƙawa, kuma ba ta yarda ya fake da lalacewar abin hawa ba. Ta ƙayyade diyya a kan abin da bai wuce sefa 5,000 a kowane kilo ba. Sai a lissafa: a lodin tan 25, rufin ya kai sefa miliyan 125. Wane mai mota ɗaya ne zai ɗauki ko kashi ɗaya bisa goma na wannan? Nijeriya da Gana kuwa ba sa cikin OHADA, don haka wanda ya yi lodi a Tema ko Legas sai ya san dokar da takardarsa ta ambata.

A ganina ɗan kasuwa ma yana da nasa sakacin, domin sau da yawa kuɗin dako kawai ake ciniki a kai. Kafin a ɗaura tirela ya kamata a rubuta sunan wanda ke kan takardar dako, da wanda zai sayi gas ɗin injin sanyi idan jira ya yi tsawo, a kuma duba ko inshorar kaya ta haɗa da mutuwar injin, don galibi sai an nemi wannan daban an ƙara kuɗi. Haka nan harin 'yan bindiga, wanda inshorar yau da kullum ke cirewa, alhali shi ne dalilin rakiyar sojojin tsakanin Dori da Tera.