Tukunyar Gobe, Yau Ake Wanke Ta



Duk wanda ya bi hanyar Jibiya zuwa Magama da hantsi ya san majalisun da ke gindin itatuwa a bakin titi. Mu ma mukan tsaya a can in zagayen gonaki ya bi da mu ta wajen. Zancen ɗaya ne kullum. Nawa sefa ta kwana? Za a sake rufe iyaka kuwa? Nawa ake sayar da buhun gero a Maraɗi? Yaushe jirgin ƙasa zai iso? Da yawa cikin masu wannan zance manoma ne. Fartanya na jingine a jikin itace, raɓa ta daɗe da bushewa, ciyawa kuwa tana can gona tana cin rabonta, gama ita ba ta sauraron labarai.

Ba mu ga laifin wanda hankalinsa ya tafi kan iyaka ba, domin iyakar nan ta sha ba mu wuya. Iyayenmu sun ba mu labarin rufewar da aka yi a watan Afrilu 1984, wadda ta kai har Maris 1986. Ta zo daidai da fari, har mutanen Maraɗi suka raɗa wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari. Mu da idonmu mun ga rufewar Agusta 2019, ba a kuwa buɗe ƙofar Jibiya ba sai a Afrilu 2022. Ba mu gama numfasawa ba aka yi juyin mulki a Nijar ran 26 ga Yuli 2023, aka sake rufewa har zuwa Maris 2024. Ga ambaliyar Yuli 2018 wadda ta ci rayuka fiye da 40 a garin Jibiya cikin dare ɗaya. Ga kuma masifar 'yan bindiga da ta raba mutane da yawa da ƙauyukansu da gonakinsu. Wanda ya ga waɗannan duka, in ya kwana yana tunanin jiya, ya tashi yana fargabar gobe, ba abin mamaki ba ne.

Amma bari mu tambayi kanmu. A cikin rufewar nan uku, wacce ce aka yi shawara da mu kafin a yi ta? Wacce ce kuma zaman majalisarmu ya buɗe? Babu ko ɗaya. Makullin iyaka yana hannun manya a Abuja da Yamai. Hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta a Fabrairu 2021, aka kuma shata ta biyo ta Jibiya, ita ma ba mu ke riƙe da ranarta ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Abin da Allah ya danƙa a hannunmu shi ne yinin nan da muke ciki, da gonar da ke ƙarƙashin ƙafarmu, da mutanen da ke zaune tare da mu. Ra'ayinmu shi ne, manomin da ya tattara hankalinsa a kan waɗannan, ya fi wanda ya san farashin kasuwa bakwai shirin gobe.

Ga misali daga maƙwabtanmu na ƙetaren iyaka. Wani mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya zo yankin Maraɗi yana aikin gona tare da mishan na SIM. Ya yi ta rainon itatuwa yana kai wa ƙauyuka ana dasawa, amma yawancinsu sai su mutu, rana ta ƙone wasu, awaki su cinye wasu. Wata rana a 1983 yana kan hanya da 'ya'yan itatuwa a mota, ya tsaya ya rage iskar taya saboda yashi. Yana tsaye sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a gefen hanya, irin wanda ya sha wucewa yana ɗauka ciyayi ne kawai. Ran nan dai ya matsa kusa ya duba ganyen da kyau. Ashe itace ne da aka sare, kututturen yana da rai, saiwarsa na can ƙasa, kowace shekara yana tohowa, kowace shekara manomi na sare tohon lokacin sassabe. Dajin da yake ta wahalar kawowa daga nesa, ashe yana nan kwance a ƙarƙashin gonaki.

Daga nan aka fara abin da mutanen Nijar ke kira sassaben zamani. Manomi ya zaɓi rassa ƙarfafa kaɗan a jikin kututture, ya sare sauran, ya riƙa yi wa waɗanda ya bari aski har su zama itace. Babu kuɗin iri, babu ban ruwa, wuƙa ko lauje ya isa. Da fari manoma kaɗan ne suka yarda, ana yi musu dariya. Daga baya masana sun ƙiyasta cewa gonaki kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar ta wannan hanya, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka ba mutumin nan lambar yabo ta duniya saboda wannan aiki. Dubban mutane sun bi wannan hanya kafin shi, shi kansa ya bi ta sau da yawa. Abin da ya bambanta ran nan, ya tsaya ya duba. Hankali ke gani, ido gululu ne.

To, kututturen kalgo da sabara da gawo da magarya nawa muka sare bana a gonakinmu, zuciyarmu na Ɗan Isa tana lissafin canji?

Aikin gona ba ya karɓar alkawari. Ku ɗauki ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. In aka cire shi kafin ya yi fure, an gama da shi. In aka ce sai jibi har ya zubar da iri, tsiro ɗaya yana zubar da dubbai masu yawa, irin kuwa yana iya kwana a ƙasa shekara goma ko fiye yana jiran dawa ko gero. Jinkirin mako biyu ya zama bashin da 'ya'yanmu za su biya. Haka tsutsar nan mai cin masara da ta bayyana a ƙasar nan a 2016. Wanda ke shiga gonarsa da sassafe yana leƙa ƙoƙon masara, yana juya ganye, zai ga ƙwai da ƙananan tsutsotsi tun ana iya murtsuke su da yatsa. Wanda ya hango gona daga kan babur ya ce ai kore take shar, zai farga ne bayan ganye ya zama rariya.

Mun ga wannan a ɗaya daga cikin ƙungiyoyinmu a daminar 2023. Da aka rufe iyaka, kuɗin dakon kaya ta hanyoyin daji ya tashi, sai wani ɗan'uwa ya bar gonarsa ana tsakiyar maimai, ya ce kwana uku kawai zai yi. Kwana ukun suka zama mako uku. Ya samu kuɗi, ba mu musa ba, amma kafin kaka sun ƙare a cefane da gyaran babur. Da aka yi girbi, damin da ya ɗaure bai kai rabin na maƙwabcinsa ba, ga shi iri ɗaya ƙungiya ta ba su, taki ɗaya, ruwa ɗaya ya sauka a kansu. Kafin bazara yana awo a kasuwa da tsada. Bashin takin da ya kasa biya kuwa ya hau kan sauran 'yan ƙungiya.

Wani zai ce, Malam, wannan magana ba za ta sa mutane sakaci ba? Ai ba a fafe gora ranar tafiya, Yusufu ma ya tara hatsi shekara bakwai a Masar saboda yunwar da ke tafe. Gaskiya ne, mu ma kullum muna wa'azin tanadi. Amma ku lura, Yusufu bai cika rumbunan da fargaba ba, kaka bayan kaka ya bi yana aunawa yana zubawa. Hausawa sun ce don gobe ake wanke tukunya. To, yaushe ake wanke ta? Yau. Tanadi aiki ne da hannu ke yi yanzu: shafe rumbu, shanya wake ya bushe ƙayau, ware iri mai kyau tun a gona, zuba kuɗin asusu ranar taro. Fargaba kuwa ba ta da hannu. Tana cinye barci, tana sa mutum ya sayar da hatsinsa da araha don ya ji jita-jita, ko ya ƙi shuka don wani ya ce bana fari za a yi. Gwajin mai sauƙi ne. In tunanin gobe ya nuna maka abin da za ka yi kafin rana ta faɗi, tashi ka yi. In bai nuna maka kome ba, bar shi ga Mai gobe.

Mu malaman gona ma ba mu tsira ba. Kwanan baya muna zaune da wani dattijo a gonarsa yana nuna mana inda ruwa ya fara cin ƙasa, mu kuwa ido na kan waya muna duba saƙon taron mako mai zuwa. Ya yi shiru har muka ɗago, sa'an nan ya ce, “Malam, in ka dawo sai in ci gaba.” Kunya ta rufe mu. A kwalejin horon malamai an koya mana kiran suna kowace safiya, yaro ya amsa yana nan. Ran nan muka gane mutum yana iya amsa suna alhali ba ya nan.

Saboda haka ga shawarwari huɗu da muke roƙo kowace ƙungiya ta tattauna a taronta na gaba.

Na ɗaya, kowane manomi ya zagaya gonarsa da ƙafa tun da safe, kafin ya kunna rediyo ko ya taɓa waya. Ya duba ganye, ya taɓa ƙasa, ya lura da inda ruwa ya kwanta da inda ya zaizaye.

Na biyu, lokacin sassabe kada a sare toho sai an sunkuya an gane ko wane itace ne. A bar kututture ko da goma a kowace gona don gwaji, a kuma sanar da maƙwabta da makiyaya domin kada a sare.

Na uku, a taron ƙungiya a ba labarin iyaka da farashi ɗan lokaci ƙayyadadde, domin sanin kasuwa yana da amfani. Sauran lokacin a tambayi kowa abin da ya gani a gonarsa a makon nan da abin da ya yi a kai.

Na huɗu, in an dawo gida an zauna cin tuwo, a zauna da gaske. Uwargida tana da abin faɗa game da rumbu da awaki wanda ta fi mu sani. Yaran nan kuma ba za su sake zama masu shekarun da suke da su bana ba.

Iyaka za ta yi abin da ta saba, wata rana a buɗe, wata rana a rufe. Gero dai kwanakinsa ƙidayayyu ne, ba ya ƙara ko ɗaya don jiran mai shi. Gobe da asuba, in Allah ya kai mu, a ɗauki fartanya tun raɓa ba ta bushe ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba ƙasashenmu biyu zaman lafiya. Amin.