Taku Uku Ba Gwaninta Ba Ce: A Busa Usur!

Rubutunmu na wannan mako da alƙalan wasa yake, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Duk wanda yake leƙa filayenmu da yamma, daga Kawo zuwa Malali da Unguwar Rimi, ya san abin da muke nufi. Yaro zai rungumi ƙwallo ya yi taku uku, wani lokaci huɗu, ya jefa a kwando, 'yan kallo su ɗauki sowa, alƙali kuma usur na rataye a wuyansa kamar laya. In ka yi magana sai a ce maka ai an canza doka, kai ne ka tsufa.

To bari mu faɗi abin da aka canza. Tun 1891 da James Naismith ya ƙirƙiro wasan, cikin dokokinsa 13 akwai cewa ba a gudu da ƙwallo a hannu. A Oktoban 2017 hukumar FIBA, wadda da dokokinta ake buga wasa a Najeriya, ta shigo da abin da ake kira takun sifili: idan kana cikin gudu ka kama ƙwallo ƙafarka ɗaya na ƙasa, wannan takun ba ya cikin lissafi, kana da biyu bayansa ka jefa ko ka miƙa wa wani. Iyakarta ke nan. Har gobe, wanda ya karɓi ƙwallo a tsaye ba shi da ikon ɗaga ƙafar da ya kafe kafin ƙwallon ta bar hannunsa idan zai fara buga ta a ƙasa. Har gobe, bayan ka riƙe ƙwallo ba ka da ikon tashi da ƙafa ɗaya ka sake dira a kanta ita kaɗai. Waɗannan biyun su ne aka fi takawa a wurinmu, su ne kuma aka daina busawa.

Mun san inda cutar ta samo asali. Yaranmu a waya suke koyon wasa, daga guntayen bidiyon NBA. A Disamban 2019 LeBron James ya ɗauki ƙwallo ya yi tafiyarsa da ita a wasa da Utah Jazz, duniya ta gani, alƙalai ba su busa ba. NBA kasuwa ce, tana sayar da taurari. Mu me muke sayarwa da za mu kwaikwayi kuskurensu?

Wasu za su ce yawan busa yana kashe armashin wasa, yara su gudu. Mun ji. Amma wa zai biya kuɗin wannan sassaucin? Yaron ne. Ranar da ya je gwaji a Kada Stars ko Kano Pillars, ko aka kai shi gasar ƙasa gaban alƙalin da bai san babansa ba, a minti biyar na farko za a ƙwace masa ƙwallo sau uku, koci ya zaunar da shi. Shekarun da ya yi yana gumi sun tafi a banza saboda wani ya ji nauyin busa masa usur yana ɗan shekara 12. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku tuna Hakeem Olajuwon, ɗan Legas da ya ci kofin NBA da Houston a 1994 da 1995. Da sarrafa ƙafa ya gagari duniya: ƙafa ɗaya a kafe, ɗayar na juyi har mai tsaronsa ya rasa gabas.

Don haka buƙatarmu uku ce. Alƙalai su karanta sashe na 25 na dokokin FIBA, yana nan kyauta a intanet. Kociyoyi su ware minti goma a kowane atisaye don aikin ƙafa kawai. Mu kuma 'yan kallo mu daina zagin alƙalin da ya busa wa ɗan unguwarmu, domin tsoron bakinmu ne ya sa da yawansu suka yi shiru.

Alƙalan da ke cikin wannan zaure, fili naku ne a ƙasa. Ku faɗa mana me ke hana ku busawa.